Shigar wuri ko kwanton ɓauna: yadda za ka zaɓi lokacin tayi a gwanjon intanet

Anini da ɗari da kwabo mai huda, waɗanda kakanninmu suka kashe a kasuwar Kurmi, yau a gwanjon intanet ake cinikinsu, kuma da yawa daga cikin masu sayarwar suna Ingila da Amurka da Jamus. Haka kan sarkin da aka buga da sunan Arewacin Nijeriya daga 1900 zuwa kafin haɗewar 1914, da tsofaffin katunan hoto na ganuwar Kano. Wanda ya fara tara irin waɗannan kaya ba ya daɗewa bai gamu da abin takaicin nan ba: kwana shida yana kan gaba a tayi, saura sakan huɗu a rufe wani da bai taɓa leƙowa ba ya faɗo ya ɗauke kayan da ƙarin dala ɗaya. Masu harkar suna da hanyoyi huɗu na shiga gwanjo, kuma kowace tana da inda take ci da inda take faɗuwa. Kafin a auna su, sai an fahimci yadda injin gwanjon yake ƙirga kuɗi, domin a nan yawancin kuskure ke farawa.

Abin da ka rubuta ba shi za ka biya ba

A gwanjon kasuwa, abin da ka furta shi ne farashi. A eBay, babban shafin gwanjon intanet, ba haka ba ne. Adadin da ka shigar iyakarka ce, kuma a ɓoye take. Injin ya zama wakilinka, yana taya maka kaɗan-kaɗan daidai yadda za ka ci gaba da zama a sama, har ya kai iyakar da ka ba shi. Wanda ya ci gwanjo yana biyan iyakar mai bi masa ne, da ɗan ƙari guda a kai.

Wannan ƙarin yana da matakai. A shafin Amurka, daga dala 5 zuwa 24.99 ƙarin santi 50 ne. Daga 25 zuwa 99.99 dala 1. Daga 100 zuwa 249.99 dala 2.50, daga 250 zuwa 499.99 dala 5; daga 500 zuwa 999.99 dala 10. Akwai ƙa'idoji biyu da ya kamata ka haddace. Idan mutum biyu suka sa iyaka iri ɗaya, wanda ya riga shi ne da kaya. Sannan ba a karɓar sabon tayi sai ya kai farashin da ke kan allo haɗe da ƙari guda.

Abu na ƙarshe shi ne rufewa. Mai kaya yana zaɓar kwana 1, 3, 5, 7 ko 10, kuma a tsarin eBay da aka saba da shi, da sakan ɗin ƙarshe ya cika an rufe ke nan, ko da mutum goma na rige-rigen danna waya. Wannan rufewa ta farat ɗaya ita ta haifi kwanton ɓauna, wato jinkirta tayi sai saura 'yan sakan a rufe. Kamfanin kuma bai hana ba.

Misali guda, abokan hamayya uku

A ce an sa jerin kan sarki masu hoton Sarauniya Biktoriya na 1900, an buɗe da dala 9.99. Ka yi lissafinka ka tsaya a kan dala 62.

Abokin hamayya na farko ɗan tsakure ne, wato mai ƙarawa kaɗan-kaɗan, wanda bai san iyakarsa ba sai ya ga an wuce shi. Idan ka sa 62 ɗinka tun ranar farko, allo zai nuna 9.99. Ya zo ya sa 15, injin ya mayar masa da 15.50 a madadinka. Ya sa 20, ya ga 20.50. Ya fusata ya sa 30, sai 45, sai 60. Yanzu farashi 61, kuma ko ya haƙura a nan, kai ne za ka biya 61. In bai haƙura ba ya sa 65, ya ɗauke kayan a 63. Da ka yi shiru, shi kaɗai zai zauna da 15 ɗinsa yana ganin 9.99 a allo, hankalinsa kwance. Ka harba 62 saura sakan shida, ka ɗauka a 15.50. Bambancin dala 45.50 ne a kan kaya ɗaya, kuma dukan ribar kwanton ɓauna daga irin wannan mutumin take fitowa.

Na biyu tsohon hannu ne da ya sa 80 tun farko ya tafi harkarsa. Harba 62 ko saura rabin sakan ne, wakilinsa ya riga ka, domin injin ba ya jiran yatsa. Zai ci a 63. Abin da kawai ka yi shi ne ka tsadar masa da kayan.

Na uku ɗan kwanto ne irinka. A nan gwanjon ya koma tamkar kowa ya rubuta adadinsa a takarda ya rufe a ambulan, wanda ya fi yawa ya ɗauka. In ya sa 62.50 kai kana da 62, ya ci ka da santi 50 ko wa ya riga wani. Shi ya sa gogaggu ba sa tsayawa a cikakken adadi irin 50, 60 ko 100, inda mutane ke taruwa. Sai ka ga 62.77 ko 101.13.

Daga waɗannan uku za ka ga gaskiyar lamarin: jinkirta tayi ba ya doke wanda ya fi ka kuɗi. Yana hana wanda bai yanke shawara ba samun lokacin sake tunani, shi ke nan.

Hanya ta ɗaya: tsakure

Ba a daɗe a kanta. Ita ce hanyar da ta fi kowace asara. Kowane tayi da ka ƙara yana ɗaga farashi, yana ƙara yawan tayin da ake gani a kan kayan, wanda ke jawo idon wasu, kuma yana sa ka fara jin kayan naka ne tun ba ka biya ba. A ƙarshe ɗan kwanto ya zo ya same ka da iyaka ƙarama. Amfaninta ɗaya ne tak, shi ma ba yawa: gano ko an kai ɓoyayyen farashin da mai kaya ya ce ba zai sallama ƙasa da shi ba.

Hanya ta biyu: sa iyakarka tun da wuri ka tafi

Wannan ita ce hanyar da aka gina injin dominta, kuma tana da fa'idodi na gaske da masu zuzuta kwanto ke mantawa. Ba ruwanka da ɗauke wuta ko yankewar sabis. In an yi kunnen doki kai ne da kaya. In akwai wani shinge tsakaninka da mai kaya, misali ya toshe masu adireshi a ƙasashen da ba ya aika kaya, za ka gani tun da sauran kwanaki, ka rubuta masa. Tayin farko kuma a mafi yawan rukunan kaya yana kawar da maɓallin saye nan take, don haka wani ba zai zo ya biya ya ɗauke ba. Kayan da ba kowa a kansa, mai shi na iya janye shi ko ya canja bayaninsa cikin sauƙi. Da zarar an taya, hannunsa ya ɗan ɗaure.

Illarta kuwa huɗu ce. Ta farko ɗan tsakure, an riga an gani. Ta biyu ta fi muni: mai kaya marar tsoron Allah yana iya amfani da wani asusu nasa ko na abokinsa yana tayawa don ya laluba iyakarka ya tura farashi kusa da ita. Malaman fiƙihu suna kiran wannan najashi, kuma hani a kansa ya zo a Bukhari da Muslim. Dokar eBay ma ta hana, amma kama mai yi ba sauƙi. Alamarsa ita ce asusun da kusan duk tayinsa a wurin mai kaya ɗaya yake, ko mai yawan janye tayi bayan ya wuce ka ya ga inda ka tsaya, ko saƙon da ke zuwa jim kaɗan bayan ka faɗi cewa wanda ya ci ya fasa, ko za ka saya a iyakarka. Iyakar da ta kwana biyar a cikin injin abin laluba ce. Wadda ta shigo saura sakan shida babu lokacin taɓa ta.

Ta uku ita ce tonon silili a kan saninka. Kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Ingila wasu suna ɗauke da ƙaramin harafi da ke nuna inda aka buga su: H na masana'antar Heaton da ke Birmingham, KN na King's Norton. Shekara ɗaya, kwabo iri ɗaya, amma harafin na iya raba mai araha da mai tsada. In ka hango harafin a hoto alhali mai kaya bai ambata ba, tayinka na wuri yana gaya wa kowa cewa akwai abin dubawa a nan. Ba zato ba ne kawai. Alvin Roth, wanda ya samu kyautar Nobel a 2012, da Axel Ockenfels sun wallafa bincike a 2002 inda suka gwama eBay da gwanjon Amazon na wancan lokaci, mai ƙara minti goma duk sanda aka taya a ƙarshe. Sun tarar tayin ƙurewar lokaci ya fi yawa nesa ba kusa ba a eBay, kuma ya fi yawa a kayan tarihi fiye da kwamfutoci, domin a kayan tarihi ne sanin gwani ke da daraja.

Ta huɗu ita ce ɗaurewa. Tayi alkawari ne. Ba a janye shi sai da dalili, kamar kuskuren rubuta adadi ko mai kaya ya sauya bayani sosai, kuma in saura ƙasa da awa 12 a rufe, cikin awa ɗaya da yin tayin kawai za ka iya janyewa. In ka ga irin kayan a wani wuri da araha bayan kwana biyu, ka riga ka shiga.

Hanya ta uku: kwanto da hannunka

Kyauta ce, kuma ba ka ba kowa makullin asusunka. Amma a nan nisa da agogo suke cin mai saye daga Kano ko Maraɗi. Masu kaya a Amurka suna son rufewa da yammacin Lahadi. Ƙarfe 7 na yamma a California ƙarfe 3 ne na dare, wayewar Litinin, a Nijeriya da Nijar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, ƙarfe 4 a sauran watanni. Ingila ta fi sauƙi: agogonsu ɗaya da namu a lokacin zafinsu, muna gabansu da awa ɗaya a lokacin sanyi. Jamus akasin haka, daidai muke da sanyi, suna gaba da awa ɗaya da zafi. Kada ka yi lissafin da ka. Bi ƙidayar da ke kan shafin.

In za ka yi, ga tsarin. Shiga asusunka saura minti goma sha biyar, domin in an nemi lambar tabbatarwa ta saƙon waya ta samu lokacin isowa. Tabbatar katin biya da adireshin da ke asusun su ne daidai. Saura minti biyu ka rubuta adadin, ka tsaya a shafin tabbatarwa ba tare da ka danna ba. In kana da waya ta biyu, buɗe ƙidayar a kanta, a layin wani kamfani daban in da hali. Da sabis ɗin waya, danna saura sakan 12 zuwa 15. Masu intanet mai ƙarfi ne ke wasa da sakan 3. Harbi ɗaya ne, don haka adadin ya zama iyakarka ta gaskiya.

Abubuwan da ke ɓata shi sanannu ne: kira ya shigo ya katse data, ƙidayar da ke allo ta makara da sakan biyu ko uku bayan ta ainihi, shafin ya nemi ka sake shiga. Akwai na ganganci ma. A shafin Jamus waƙafi ne ke raba yuro da santi, 62,77, kuma wanda ya saba da ɗigo yana iya rubuta abin da bai yi niyya ba. A shafin Ingila fam kake rubutawa, ba dala ba. Sai babbar matsalar da ba ta waya ba ce: kana zaune kana kallon farashi ya haura iyakarka saura sakan 20, yatsa ya yi ƙaiƙayi, ka ƙara goma. Hanyar da aka ɗauko don guje wa zafin gwanjo ta mayar da kai cikinsa.

Hanya ta huɗu: ba wa inji aikin kwanton

Akwai shafukan da aikinsu ke nan, irin su Gixen da Auction Sniper. Ka ba su lambar kayan da iyakarka da sakan nawa kafin rufewa, su harba daga kwamfutocinsu masu layi mai ƙarfi kana barci. Wasu kyauta ne zuwa wani mataki, wasu suna karɓar kuɗin shekara ko ɗan kaso in ka ci. Akwai kuma manhajojin da ake sa wa a kwamfutar gida, amma waɗannan sai kwamfutar na kunne da intanet a lokacin, wanda ya mayar da kai ga matsalar wuta. Ga mai saye daga nan ba su da amfani sosai.

Fa'ida biyu ta ɗaga wannan hanya sama da ta hannu. Tun da tayin bai shiga eBay ba tukuna, kana iya ragewa, ƙarawa ko sokewa har zuwa 'yan mintoci kafin rufewa. Sannan akwai haɗa kaya rukuni: a ce kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas kake nema, wanda aka buga wa Afirka ta Yamma da yawa duk da bai cika shekara a sarauta ba, kuma mutum biyar sun sa shi a gwanjo daban-daban. Ka jera biyar ɗin, da ka ci ɗaya injin ya soke sauran. Kayan da ke da yawa haka bai cancanci a yi zafi a kansa ba, sai a sa ƙaramar iyaka a jira wanda zai faɗo.

Game da sakan nawa za a zaɓa, mutane suna ɗauka mafi kusa da ƙarshe ya fi. Ba lallai ba. Koma ga misalinmu: wasu 'yan kwanto biyu sun harba 61 da 61.50 saura sakan biyar. Allo ya koma 61.50, mafi ƙarancin tayin da za a karɓa yanzu 62.50. Naka 62 ya iso saura sakan biyu, aka ƙi shi, alhali ka fi su duka. Da naka ya shiga saura sakan takwas, kai ne da kaya. Sakan 6 zuwa 10 ya isa ya hana ɗan Adam mayar da martani, kuma yana ba ka rigaye a kan sauran injuna.

Haɗarinta shi ne kana ba wani kamfani izinin taya kaya da sunanka, don haka sai wanda ya daɗe ana saninsa. In ka canja kalmar sirri ko izinin ya ƙare ba ka sabunta ba, harbin ba zai tashi ba. In mai kaya ya toshe ƙasarka, ko eBay ya nemi ka ajiye katin biya kafin tayi, ba za ka sani ba sai da safe ka tarar da saƙon gazawa. Maganin wannan: rubuta wa mai kaya tun da wuri ka tambayi kuɗin aikowa, kuma ka gwada injin a kan kayan dala biyu kafin ka dogara da shi a kan na ɗari biyu.

Inda kwanto ba ya aiki sam

Duk bayanin da ya gabata na gwanjo mai rufewar farat ɗaya ne. Wurare da yawa suna ƙara lokaci in an taya a ƙarshe. Catawiki na ƙasar Holan haka yake yi. A gwanjon Yahoo na Japan mai kaya na iya zaɓar ƙarin minti biyar. Manyan gidajen gwanjo irin su Heritage a Dallas da Spink a Landan, inda kaya irin kan sarkin fam 25 na Arewacin Nijeriya na 1904 ke fitowa in ya fito, suna kammala manyan cinikinsu da mai gwanjo a tsaye, ba ya buga guduma sai tayi ya ƙare. A irin waɗannan wurare harbin ƙarshe sake buɗe fage kawai yake yi, kowa ya samu damar ramawa. Binciken Roth da Ockenfels ya nuna haka ma: a Amazon gogaggu da wuri suke tayi, a eBay kuwa su ne masu jinkiri. A nan hanya ta biyu ce daidai. Bar iyakarka ka rufe shafin, domin zagayen ƙarin minti ɗaya-ɗaya da tsakar dare shi ne inda mutane ke biyan ninki. Dokokin rufewa suna canjawa, don haka karanta na kowane gwanjo kafin ka shirya.

To wace za a ɗauka?

In rufewar farat ɗaya ce kuma kayan na jan sababbin masu tarawa, ko kana da sanin da wasu ba su da shi, ko ba ka yarda da mai kaya ba, ba wa inji. In ba ka son miƙa asusunka ga kowa kuma gwanjon Ingila ko Jamus ne da zai rufe kana farke, yi da hannu. In sabis ɗinka ba abin dogaro ba ne kuma ba ka da inji, sa iyakarka saura awa ɗaya ko biyu. Ka rage wa ɗan tsakure lokaci ba tare da ka yi caca da sakan ba. In kayan ba kowa a kansa kuma kana tsoron a janye shi, sa mafi ƙarancin tayi da wuri, ka ajiye iyakar gaskiya ga harbin ƙarshe. Kada kuma ka sa ran ragin dala 45 kullum. Sau da yawa kaya masu kyau suna da wasu 'yan kwanto a kansu, kuma a nan adadi ne ke magana.

Adadin kuwa daga ƙarshe ake lissafa shi zuwa farko. Duba jerin kayan da aka riga aka sayar, wanda eBay ke nunawa na kwana 90, ba farashin da masu kaya ke nema ba. A ce duk abin da za ka iya kashewa dala 100 ne, aikowa 28, saura 72. In gidan gwanjo ne mai ɗora la'adar kashi 20 a kan mai saye, raba 72 da 1.2, iyakarka 60 ce. In ta adireshin kamfanin tura kaya a Amurka za a bi, eBay zai ɗora harajin sayarwa na jihar da adireshin yake, sai dai jihohi irin Delaware da Oregon da ba su da shi. Cire kuma bambancin canjin da bankinka ke ɗorawa, ka tabbatar katin zai iya biyan adadin gaba ɗaya a ƙetare. Mai kaya na da damar soke ciniki in kwana huɗu suka wuce ba a biya ba, laifin ya hau asusunka, kuma masu kaya da yawa sun saita shafinsu ya ƙi tayin duk wanda ke da irin wannan laifi biyu a cikin shekara guda.